Rasuwar Hajiya Kar-a-Buɗe da Jan Zaren da Ke Ƙafar Auta

Cikin alhini mai nauyi, da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki wanda rai da ajali suke hannunsa, Ƙungiyar Iyaye Mata Masu Jinyar Gyambo ta samu labarin rasuwar uwarta, wadda ta kafa ta, ta kuma shugabance ta tun daga ranar farko, Hajiya Shugaba, uwar majinyata, tela mai shagon da ke kallon ƙofar asibiti, wadda manya da yara suka fi sani da Hajiya Kar-a-Buɗe. Allah Ya karɓi abinsa da hantsi, tana zaune a gaban keken ɗinkinta, da ƙyalle a ƙarƙashin allura. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A madadin shugabannin ƙungiya da dukkan 'ya'yanta, da majinyatan da muke riƙe da su a gidajenmu, muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, dattijo mai haƙuri, Malam Direba. Ga babban yayanta kuma jigon zuriyarsu, Alhaji mai girma, wanda 'ya'yanta suke kira Kawu, mu ma muka ɗauka daga bakinsu. Ga 'ya'yanta maza da mata da jikokinta. Ga nas-nas ɗin ɗakin wankin ciwo, waɗanda ta zame musu 'yar'uwa. Sannan musamman ga autarta, wadda kowa ke kira Auta, wadda ta rasa uwa ta kuma rasa mai jinya a wuni guda.

Mun so a ce wannan saƙo ya tsaya a kan yabo da addu'a, kamar yadda ya dace da ranar baƙin ciki. Hakan bai yiwu ba. Akwai maganar da ba za ta jira a tashi daga zaman makoki ba, domin ƙafar Auta ce a cikinta, kuma gobe da safe ne ranar da ya kamata a kai ta asibiti a canja mata abin da ke kan ciwonta. Za mu zo ga maganar. Amma sai mun fara gaya wa jama'a wace ce aka rasa, domin wanda bai san aikinta ba ba zai gane abin da ake shirin rushewa ba.

Marigayiya ba likita ba ce, ba ta kuma taɓa cewa ita likita ce ba. Jinya ce ta kawo ta cikin wannan aiki. An haifi Auta da sikila, kuma tana makarantar sakandare salansar babur ta ƙona ta a idon sawu, ƙunar da faɗinta bai wuce murfin kwalba ba. Shekara ta zagayo ba ta warke ba, ta sake zagayowa, ciwo ya zama gyambo, yana ci yana faɗi, yana zubar da ruwa, har yarinya ta bar makaranta saboda 'yan ajinsu suna ja da kujerunsu baya. A kan dogon bencin da ke gaban ɗakin wankin ciwo Hajiya ta same mu, mu iyayen da kowace take zaune da nata, mai ciwon suga, mai sikila, mai tsohon da ya kwanta har bayansa ya ɓare, kowace ta sunkuyar da kai kamar ita ta jawo abin. Ita ce ta fara ɗaga kai ta ce, "Bayin Allah, tunda warin ɗaya ne, ai sai mu san sunan juna." Daga wannan benci ƙungiyar nan ta tashi, ba daga wani ofis ba.

Abin da ta fi yaƙa a rayuwarta shi ne hannun masu dubiya. Duk wadda ta yi jinyar gyambo ta san su. Mutum zai shigo da sallama, kafin ya zauna ya ce, "Mu gani," ya kai hannu ya ɗaga bandeji, da hannun da ya gama karɓar canji a mota. Sannan ya zaro abin da ya zo da shi: wannan garin kafso, wancan man goge baki, wani toka, wani baƙin mai, har ruwan batir mun gani da idonmu. Kowa da wanda ya sani da aka sa masa ya warke. Mai jinya kuwa kunya ta hana ta cewa a'a, don mai maganar gwaggon mijinta ce. Hajiya ba ta da wannan kunyar. Takan tare bakin gado ta ce, "Gwaggo, ki gaishe ta a fuska, ƙafar ba ta amsa gaisuwa." In mutum ya nace, ta ce, "Dubiya kika zo ko binciken kwastan? Kar a buɗe." Ta faɗi kalmar nan har ta zama sunanta, kuma ba ta taɓa jin haushin sunan ba.

Da sababbin hanyoyin magani suka iso asibiti, ita ce ta zauna da likitoci ta yi ta tambaya har ta gane, sannan ta zo ta yi mana bayani da harshen da muke ji. Akwai bandejin da aka haɗa da sinadarin azurfa don kashe ƙwayoyin cuta. Akwai zumar da aka tace musamman don asibiti, wadda ba ita ce ta bakin titi ba. Akwai dashen fata, inda ake ɗebo fata siririya daga cinyar majinyaci a shimfiɗa a kan ciwon idan namansa ya yi kyau. Sannan akwai injin nan da yau ake ta magana a kansa. Likita yakan kankare mataccen nama, a yanka soso daidai bakin ciwon, a rufe da leda mai mannewa wadda iska ba ta ratsawa, a haɗa siririn tiyo zuwa wani ɗan inji da bai fi ƙaramin rediyo ba. Injin yana jan ruwan ciwo a hankali yana tarawa a 'yar kwalbar roba, nama mai rai yana tasowa daga ƙasa. Ba kowane ciwo ne yake karɓarsa ba, likita ne ke zaɓa, kuma marigayiya ba ta taɓa ce wa kowa tabbas ne ba. Abin da take nanatawa shi ne sharaɗinsa: ba a kashe shi a bar shi, ba a ɗaga ledar, ba a buɗewa sai ranar canji, a hannun nas.

A nan ne aka fara samun matsala, domin kakanni da gwaggonni sukan lallaɓa su ɗaga gefen ledar wai don ciwo ya sha iska, su mayar su manne, a zo asibiti a rantse ba a taɓa ba. Sai Hajiya ta koma kan kekenta. Ta riƙa ɗinka wata 'yar riga ta farin ƙyalle, sakwa-sakwa yadda ba za ta matse ƙafa ba, da ƙofar da tiyo zai fita, a zura a kan ledar. Idan nas ta gama canji, sai ita ta durƙusa ta ɗinke bakin rigar da jan zare, da wani irin ɗinki nata da babu mai iya kwaikwayo. Ranar canji zaren ake fara dubawa. Idan nas ta ɗaga murya ta ce, "Wa ya taɓa zaren Hajiya?" sai ka ga magidanci da gemunsa yana kallon silin. Ta kuma ɗinka wa kowane inji jakar ratayawa, har da aljihun wayar caji, don yaro ya iya fita da abinsa kamar mai zuwa makaranta. Ɗana, wanda yau yake wuni a tsaye a garejinsa, ya yi watanni da jan zaren nan a ƙafarsa, kuma ba shi kaɗai ba ne.

Daga baya ita ma jarrabawar ta same ta. Tana da ciwon suga, ta taka allura a shago ba ta ji ba, dunduniya ta ruɓe, aka sa mata irin injin. A daidai lokacin aka sa wa Auta nata, bayan shekarun da aka yi ana gwada wasu hanyoyin ba a dace ba, har likitoci sun fara ambaton yanke ƙafa. Hajiya takan rataya jakarta, Auta ta rataya tata, su shigo asibiti injuna biyu suna gurnani, ta ce, "Ku matsa, 'yan biyu sun iso." Ciwonta ya kusa rufewa lokacin da ajali ya zo.

Yanzu ga maganar da ta sa muka tsawaita. Da izinin maigidanta muke sanar da jama'a cewa marigayiya ta daɗe tana fama da hawan jini da ciwon zuciya, kuma likitan da ya daɗe yana duba ta ya tabbatar wa iyalinta cewa zuciyar ce ta tsaya. Amma wasu daga cikin matan da suka shiga ɗaki lokacin da ake shirya ta sun ga tiyo, sun ga kwalba da ruwa mai ja-ja a ciki, kuma kafin a dawo daga maƙabarta saƙon murya ya riga ya zagaye wayoyi cewa inji ne ya shanye mata jini. Muna tambayar wadda ta ɗauki wannan saƙo, da waɗanda suka tura shi gaba: wa ya koya muku fitar da abin da kuka gani a jikin mamaci? Wace uwa ce ta yi muku wannan tarbiyya? Ruwan da ke cikin kwalbar nan ruwan ciwo ne, wanda a da yake jiƙa zanen gado kuna toshe hanci. Yakan zo da ɗan ja, kuma duk wadda aka sa wa ɗanta injin an gaya mata cewa idan ta ga jini sosai yana gudu a tiyo, ta kashe ta garzaya asibiti. Ba a ga haka a na Hajiya ba. Nas ɗin da ta cire shi tana nan da ranta, ga mai son tambaya.

Ƙaryar nan ta riga ta yi ɓarna. Wasu daga cikin 'ya'yan ƙungiyar nan, matan da suka zauna a benci ɗaya da marigayiya, sun tsorata sun ɓare ledar 'ya'yansu da hannunsu, kuma yaron ɗaya daga cikinsu yana kwance a asibiti da zazzaɓi a yanzu haka. Ba mu kira sunan kowa ba, amma kowace ta san kanta. Ku mayar da yaran nan asibiti yau, babu wanda zai yi muku gori.

Abin da muka tarar a gidan makoki kuwa ya fi wannan ciwo. Mun je gaisuwa da rana, ni da wasu shugabanni, muka wuce ɗakin da Auta take. Ɗakin cike da mata, ana ta hira, amma ban ji gurnanin inji ba. Na duba soket, sai ga wayar wata a jiki, wayar cajin injin tana yashe a ƙasa. Injin kansa yana ƙarƙashin filo, batirinsa ya kusa ƙarewa, yana ta kuka, an danne shi wai yana damun masu zaman makoki. Auta tana kwance ta juya wa bango fuska, kuka ya ci ƙarfinta, ba ta ma sani ba. Da na cire wayar, mai ita ta taso ta ce, "Haba Yaya, minti nawa ne? Wayata ce ta mutu, ana nemana." A gidan da aka fitar da gawa, a kan ƙafar marainiya. Ban amsa mata a can ba saboda darajar wurin, amma ina amsa mata a nan: ki ji tsoron Allah. Allah Ya taimaka injin bai kai ga tsayawa ba.

Muna nan zaune Alhaji Kawu ya yi sallama ya shigo, idanunsa jawur, da reza a hannunsa. Ya ce, "Abin nan ya tsotse ƙanwata har ta faɗi, ba zan zuba ido ya tsotse 'yarta ba. Duk abin da aka hana ka gani, akwai abin da ake ɓoyewa a ciki." Ya sunkuya zai yanke zaren. Auta ta tashi zaune ta rufe ƙafar da hannu biyu, ta ce, "Kawu, don girman Allah. Ɗinkin Mama ne na ƙarshe." Ya daɗe a sunkuye, sannan ya mayar da rezar aljihu. Amma kafin ya fita ya ce, "Na bar shi albarkacin mutane. Babu mai sake fita da ke zuwa asibitin nan. Idan gida ya sarara zan kawo mai magani ya cire shi."

Washegari Malam Direba ya same mu a ɗan ɗakin da ke bayan shagon marigayiya, inda muke taro. Ya zo da injin matarsa a cikin jakar da ta ɗinka, ya goge shi tas, ya ajiye a kan tebur ya ce, "Ga amanarku, a ba wanda ke jira." Muka tambaye shi maganar Auta. Ya ce, "Alhaji ne ya riƙe Hajiya tun tana ƙarama, shi ya ba ni aurenta. Ba zan iya ɗaga masa murya ƙasar kabarinta ba ta bushe ba. Ku kuka san bencin nan. Ku faɗa, ku rubuta, ku ce ni na ce ku faɗa." Wannan ne ya sa muke magana, kuma muna yin ta a fili ne domin a fili aka yi ƙaryar.

Ga halin da ake ciki, ba ƙari ba ragi. A canjin da ya wuce likita ya ce naman ciwon Auta ya yi ja, ya ciko, saura kaɗan ya isa a yi mata dashen fata, abin da uwarta ta yi shekaru tana roƙon Allah ta gani. Soson da ke ciki ba a barinsa ya wuce lokacinsa, domin nama yana kama shi, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Idan aka cire shi a gida aka zuba gari a kan ɗanyen naman nan, za a koma inda aka fito, kuma inda aka fito ɗin shi ne inda likitoci suka fara maganar ƙashi da yankewa. Ba mu ce dashen tabbas zai kama ba, wannan na Allah ne. Mun ce wannan ce dama mafi kyau da yarinyar nan ta taɓa samu, kuma idan gobe ta wuce ba a kai ta ba, ba mu san ko za ta sake samun irinta ba.

Saboda haka ƙungiya tana roƙon duk mai zuwa gaisuwa gidan nan da ya zo da addu'arsa kawai. Kada a kawo gari, kada a kawo mai, kada a ce mu gani, kuma soket ɗin da ke kusa da gadon Auta ba na kowa ba ne. Wanda aka turo wa saƙon muryar nan ya goge shi, ya kuma gaya wa wanda ya turo masa cewa ƙarya ce.

Muna roƙon Allah Mai rahama Ya gafarta wa Hajiya Shugaba, Ya yalwata kabarinta, Ya sa kowace durƙusawa da ta yi a gaban ƙafar ɗan wani ta zame mata haske, Ya sa Aljanna ce makomarta. Allah Ya ba Malam Direba, da Alhaji Kawu, da 'ya'yanta da jikokinta haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya haɗa kansu, Ya ba majinyatanmu lafiya, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Kalmarmu ta ƙarshe gare ka ce, Alhaji mai girma, yayanmu kuma ubanmu. Mun san ba tarbiyya ba ce a ja da babba a gaban jama'a, ni ma ban koya wa 'ya'yana haka ba, kuma muna neman afuwarka. Mun san kai ka saya wa marigayiya kekenta na farko. Mun san sau nawa ka nannaɗe hannun riga aka ɗebi jininka aka ƙara wa Auta, ba tare da an roƙe ka ba. Wanda ya yi wannan ba mugunta ce ta sa shi ɗaukar reza ba, tsoro ne, kuma mu iyaye mun san wannan tsoron. Ka ce an hana ka gani. Gaskiyarka, an hana ka, kamar yadda ƙanwarka ta hana kowa a gida. Amma akwai ɗakin da ake buɗewa, kuma mun yi magana da babbar nas, ta yarda ka shiga. Ka kawo Auta da kanka gobe da safe. A hannunka za a sa almakashi, kai za ka yanke jan zaren, a ɗaga ledar a gabanka, ka ga naman da idonka, ka tambayi likita duk abin da ke ranka, kada ka rage komai.

Abu ɗaya kuma ya kamata ka sani kafin ka zo. Cire soson nan yana da zafi, ko da an ba da maganin rage raɗaɗi. Akwai wata kujerar roba a gefen gadon, wajen kai, inda marigayiya take zama ta riƙe hannun Auta har a gama, ba ta taɓa fashi ba ko lokacin da ita kanta take ɗingishi. Mu da yawa za mu so mu zauna a kanta gobe, amma mun tambayi Auta wa take so, ta ce Kawu. Mun gaya wa nas kada ta bari kowa ya ɗauke kujerar.

Sa hannu:
Maman 'Yan Biyu,
Kakakin Ƙungiyar Iyaye Mata Masu Jinyar Gyambo,
a madadin shugabanni da dukkan 'ya'yan ƙungiya.